Mutumin da "tan" kaɗai ta rage masa

A watan Afrilu na 1861, a asibitin Bicêtre kusa da birnin Paris, wani majinyaci mai suna Leborgne ya rasu bayan shekara 21 a can. Yana gane abin da aka ce masa, amma in ya buɗe baki gaɓa ɗaya ke fita: "tan, tan". Likita Paul Broca ya buɗe ƙwaƙwalwarsa, ya tarar da rauni a gaban ɓangaren hagu. A 1864 Trousseau ya raɗa wa ciwon suna afaziya. A 1874 Bajamushe Carl Wernicke ya nuna wani iri, inda magana ke zuba amma ba ma'ana.

To, mi ya sa "tan"? A Faransanci baƙi ɗaya ne da wasali ɗaya, gaɓa mafi sauƙi. A 1941 Roman Jakobson ya ce sautin da yaro ke koyo a ƙarshe shi ke fara kuɓuce wa majinyaci. A 1973 Sheila Blumstein, a Amurka, ta bi kurakuran masu ciwon, ta ga ba da ka suke faɗowa ba: inda baƙaƙe biyu sunka haɗu, sau da yawa ɗaya ke faɗuwa, gaɓa ta koma baƙi da wasali.

Mu dawo gida. Gaɓar Hausa iri uku ce: "ci", "kai", "can". Ba ta farawa da baƙaƙe biyu, shi ya sa muke cewa burodi da fursuna, shi kansa Broca bakinmu Buroka zai ce. Kun ga ke nan, in aka gwada tsohon Dogarawa da kalmomin Faransanci, ya raba baƙaƙen, ba ciwo ba ne, Hausarsa ce. Wurin da ya kamata a saurara shi ne ƙarshen gaɓa, da ja, da ɗauri: ko "kulle" ta koma "kule", ko "baki" da "baƙi" sun rikice masa.

Mafi yawan wannan ciwo bugun jini ke kawo shi. A Konni ko Illela, in dattijo ya wayi gari harshe ya sarƙe, sai ka ji an ce iska ce ko sammu, a yi ta hayaƙi har rana ta faɗi. Asibitin Galmi na nan tun 1950, akwai na Konni da na Tawa. A kai shi nan take. In an dawo gida a bar mayar da shi yaro. A riƙa yi masa magana sannu, a jira ya gama.