Daga Unguwar Sharifai Zuwa Wayar Hannu: Wa Ke Iya Karanta Doka a Kano?

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, saboda masu ƙarancin data da waɗanda suka fi jin daɗin karatu a kan sauraro.

Yau tarihi za mu taɓa, amma tarihin da ya shafi aljihunka da ƙuri'arka. Tambayar ita ce: a cikin ganuwar nan ta Kano, tun daga zamanin da har zuwa yau, wa ke iya ganin dokar da ake mulkarsa da ita da idonsa, ba sai an ba shi labari ba?

Bari mu fara da abin da dukkanmu muka shaida. An yi zaɓen gwamna ranar 18 ga Maris 2023, hukumar INEC ta ce Abba Kabir Yusuf na NNPP ya samu ƙuri'u 1,019,602, Nasiru Yusuf Gawuna na APC ya samu 890,705. Ranar 20 ga Satumba kotun sauraron ƙararrakin zaɓe ta zabtare wa Abba ƙuri'u 165,663, ta ce babu hatimi ko sa hannu a jikinsu, ta ba Gawuna nasara. Ranar 17 ga Nuwamba kotun ɗaukaka ƙara ita ma ta ce Abba ya sauka. To bayan 'yan kwanaki sai kwafin hukuncin mai hatimin kotu ya fito, sai ga shi a shafi na 67 an rubuta akasin abin da aka karanta a zauren kotu. Kotun ta ce kuskuren rubutu ne. Garin nan ya ɗauki zafi, har Kotun Ƙoli ta raba gardama ranar 12 ga Janairu 2024, ta tabbatar wa Abba kujerarsa.

Ba ɓangaren kowa na ɗauka a nan ba, ku fahimce ni. Abin da nake so ku lura da shi shi ne inda takardar ta ɓulla: a cikin wayoyin mutane. Ɗan kasuwa a Kurmi da tela a Yakasai da ɗalibi a Gwale, kowa ya buɗe shafi na 67 ya gani da idonsa. Wannan sabon abu ne ƙwarai a tarihin birnin nan, kuma an sha wuya kafin a kawo nan.

Mu koma baya. Sarkin Kano Muhammadu Rumfa ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Shi ya gina Gidan Rumfa, a zamaninsa aka kafa Kasuwar Kurmi. A lokacinsa ne Shehu Muhammad bin Abdulkarim al-Maghili ya zo Kano daga Arewacin Afirka, ya rubuta masa littafin Tajud-Din a kan abubuwan da suka wajaba a kan sarakuna: yadda za a tsara fada, yadda za a yi shari'a, inda ya halatta a karɓi dukiya da inda za a kashe ta. Ya kuma ja kunnen sarki ƙwarai a kan ɓuya daga talakawansa. Har gobe unguwar Sharifai da shi ake danganta ta. Bayan sama da shekara ɗari uku, wajen 1806, Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya yada zango a Kano, jama'ar gari suka roƙe shi, ya rubuta musu Diya'ul Hukkam a kan tsarin mulki da shari'a.

Kun ga ke nan, rubutacciyar magana a kan mulki ba baƙuwa ba ce a garin nan. Sai dai da Larabci take, kuma da hannu ake kwafa. Talakan da ke son ya san haƙƙinsa a kan gado ko bashi ko gona, sai ya je zauren malam, malam ya buɗe Risala ko Muhtasar ya fassara masa. Ba kowa ke iya karantawa ba, amma dai littafin yana cikin unguwa, ƙofar zauren kuma a buɗe take.

Ranar 3 ga Fabrairu 1903 sojojin Turawa ƙarƙashin Kanar Morland suka ci Kano, zamanin Sarki Alu. Daga nan aka ɗora wata sabuwar doka a kan ta da. Ita wannan da Ingilishi take, kuma ba a cikin birni take kwana ba, tana can ofishin Razdan a Nassarawa, bayan ganuwa. Lugga ya rubuta wa jami'ansa kundin umarni a kan haraji da kotuna da sarakuna, amma don jami'an ya rubuta, ba don mu ba. Talaka sai dai ya ji daga bakin mai unguwa ko dagaci ko ɗan doka cewa ga abin da En'e ta yanke. Nawa ne ainihin harajin da aka rubuta? Nawa aka ƙara a hanya? Ba shi da hanyar sani. Wanda ke riƙe da takarda shi ke riƙe da wuƙa da nama.

Abubuwa biyu suka fara tsaga wannan bango. Na farko jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa daga Zariya a Janairun 1939, Abubakar Imam na editanta. Duk da cewa hukuma ce ta kafa ta, ta sa mai karatun boko da Hausa ya fara ganin labarin mulki a rubuce, har ya aika da wasiƙa ya faɗi nasa. Na biyu jam'iyyar NEPU, wadda wasu matasa takwas suka kafa a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, cikinsu akwai Abba Maikwaru da Maitama Sule da Magaji Dambatta da Mudi Sipikin. Malam Aminu Kano, ɗan unguwar Sudawa, ya zama shugabanta a 1953. Ƙarfin Malam shi ne ya san littattafan zaure, ya kuma san takardun Bature. Babban aikin 'yan NEPU a kasuwanni da ƙauyuka shi ne su gaya wa talaka abin da doka ta ce da abin da ba ta ce ba, a kan haraji da jangali da aikin tilas. Ladan da suka samu shi ne bulala da kurkuku. Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, kuma sai a 1976 matan Arewa suka fara jefa ƙuri'a.

Samun 'yancin kai ma bai buɗe ma'ajiyar gwamnati ba. A 1962 aka yi Dokar Sirrin Gwamnati, wadda ta sa ma'aikaci ke tsoron nuna wa ɗan ƙasa fayil. A 1984, ƙarƙashin Doka ta 4 ta mulkin soja, aka ɗaure 'yan jarida biyu na jaridar Guardian, Tunde Thompson da Nduka Irabor, shekara guda kowannensu saboda labarin da suka buga. Tun 1993 ƙungiyar Media Rights Agenda da abokan tafiyarta suka fara neman a yi dokar da za ta ba ɗan ƙasa damar neman bayanai. Majalisa ta amince a 2007, Obasanjo ya sauka bai sa hannu ba. Sai ranar 28 ga Mayu 2011 Goodluck Jonathan ya sa wa Dokar 'Yancin Samun Bayanai hannu. Shekara 18 ke nan ana fama.

To me dokar ta ba ka? Kana iya rubuta wa hukumar gwamnati wasiƙa ka nemi takarda, ba sai ka faɗi dalilinka ba, kuma kwana 7 gare su su amsa. In sun hana ba bisa ƙa'ida ba, kana iya zuwa kotu. Jihohi da dama sun daɗe suna cewa dokar ta tarayya ce, ba ta hau kansu ba, har Kotun Ƙoli ta yanke a watan Afrilun 2025 cewa ta hau kan jihohi ma.

Yanzu mu zo kan wayar da ke hannunka. Me ke ciki?

In doka kake nema, kundin tsarin mulkin 1999 yana nan kyauta a intanet. Cibiyar PLAC da ke Abuja ta zuba dokokin tarayya a shafinta, tana kuma bibiyar ƙudurorin da ke gaban majalisa. Shafin Majalisar Tarayya na ɗauke da ƙudurori da jadawalin zama, inda za ka duba ko ɗan majalisarku ya taɓa gabatar da wani abu. Shafin NigeriaLII kuma na da hukunce-hukuncen kotuna kyauta. Fara da sashe na 35, wanda ya ce in an kama mutum a kai shi kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu, kwana biyu. Ka ga wannan sani ne da zai yi maka amfani a ƙofar caji ofis. Amma a kula da abu ɗaya: an sha yi wa kundin gyara. Ranar 31 ga Mayu 2018 Buhari ya sa hannu a kan gyaran da ya rage shekarun takarar majalisar wakilai da ta jiha daga 30 zuwa 25, na shugaban ƙasa daga 40 zuwa 35. In ka sauke tsohon kwafi, za ka tafi majalisar mai shayi kana gardama da dokar da ta riga ta mutu. Kullum ka duba shekarar kwafin.

In kuɗi kake bi, Ofishin Kasafin Kuɗi na Tarayya yana wallafa kasafin kowace shekara, gwamnatin Kano ma tana saka nata a shafinta. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa tana fitar da rabon arzikin ƙasa na wata-wata, inda za ka ga abin da aka ware wa Ƙaramar Hukumar Birni da Dala da Gwale, da sauran ƙananan hukumomin jihar 44. Ƙungiyar BudgIT, wadda aka kafa a 2011, tana sauƙaƙa waɗannan alƙaluma, shirinta na Tracka kuma yana bin ayyukan mazaɓu. Kada ku raina wannan. Lokacin da gubar dalma ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara, matasa ne irinmu, Hamzat Lawal da abokansa na Follow The Money, suka bi sawun kuɗin da aka yi alkawarin share garin Bagega da su, suka hana gwamnati sakat a soshiyal midiya har aka saki kuɗin a farkon 2013.

In zaɓe ne, akwai shafin IReV da INEC ta fara amfani da shi a 2020, inda ake ɗora hoton takardar sakamakon kowane akwati. Yana da nasa raunin: a zaɓen shugaban ƙasa na 25 ga Fabrairu 2023 sakamakon bai hau a kan lokaci ba, kuma Kotun Ƙoli ta ce a wancan zaɓen ba da shi ake tattara sakamako ba. Duk da haka, in kana da hoton takardar akwatinku da ka ɗauka ranar zaɓe, kana da abin gwadawa.

In kuma tarihi ne ya dame ka, fassarar Tarihin Kano da Palmer ya buga a 1908 tana intanet. Muhawarar da Majalisar Ingila ta yi a kan yaƙin Kano a 1903 tana cikin kundinta na Hansard. Ɗakin karatu na British Library ya ɗauki hotunan wasu tsofaffin takardu daga Kano da Kaduna ya ɗora, shafin Archivi.ng kuma yana adana tsofaffin jaridun Najeriya. Amma fa ba komai ke intanet ba. Mafi yawan fayilolin lardin Kano suna Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa a Kaduna, wasu a Gidan Ɗan Hausa. Akwai kuma Gidan Mambayya a Gwammaja, gidan Malam Aminu da ya koma cibiyar nazarin dimokuraɗiyya ta Jami'ar Bayero. Waɗannan sai an taka.

Gaskiya ɗaya mai ɗaci ita ce, katangar ba ta gama rushewa ba, siffa ta sauya. Kusan duk waɗannan takardu da Turanci suke, Turancin lauyoyi ma kuwa. Kasafin kuɗi shafi ɗaruruwa ne, data kuma ba kyauta ba. Dokokin jihohi sun fi na tarayya wahalar samu. Ku dubi rikicin masarauta: dokar 2019 da ta ƙirƙiro masarautun Bichi da Rano da Gaya da Ƙaraye, da wadda ta soke ta ranar 23 ga Mayu 2024. Abota ta ɓaci a kanta, 'yan uwa sun daina gaisawa. Amma a cikinmu masu zafin, mutum nawa ne suka karanta ko da ɗaya daga cikin dokokin biyu? Mun fi dogara da sojojin baka a rediyo da saƙon murya na WhatsApp. Wato mun koma gidan jiya, muna jiran mai shela ya gaya mana abin da aka yanke, alhali takardar tana aljihunmu.

Shi ya sa nake ganin aikin da ya rage a kanmu, mu da Allah ya ba karatu, shi ne aikin malamin zaure da na ɗan NEPU: ka nemo asalin takardar, ka karanta, ka fassara wa mahaifiyarka da maƙwabcinka da Hausar da za su gane, ba ƙari ba ragi, ko da abin da ka gani bai yi wa gwaninka daɗi ba. In an turo maka hoton takarda, ka tambayi wa ya fitar da ita, yaushe, kuma ina sauran shafukan. Shafi ɗaya ba hukunci ba ne.

Ga aikin gida na wannan makon. Kowa ya zaɓi abu ɗaya: ko sakamakon akwatinku, ko aikin da aka rubuta wa mazaɓarku a kasafin bana, ko sashe na 35. Ka karanta, sannan ka zauna da mutum uku a unguwarku ka yi musu bayani. In aikin da aka rubuta makaranta ce ko rijiyar burtsatse, ku taka ku je wurin ku gani, don gani ya kori ji.

Allah ya ba mu shugabanni adalai, ya sa mu ma mu zama mabiya masu sani. Sai mun haɗu a shiri na gaba. Wassalamu alaikum.