Daga Wuyan Kare Zuwa Hannun 'Yan Gayu: Tarihin Munduwar Fata ta Hermès

A kasuwar tsofaffin kayan ado ta Turai akwai wata munduwa da dillalai ke gane ta tun daga nesa. Fata ce mai kauri, faɗinta ya kai yatsu biyu zuwa uku, an dasa mata ƙusoshin ƙarfe huɗu masu siffar dala, kamar dalar Masar, sannan ga zobe guda yana reto a tsakiya. Gidan Hermès na birnin Paris ne ke yin ta, sunanta Collier de Chien, wato abin wuyan kare. Sunan ba zolaya ba ne. Daga wuyan kare aka ɗauko tsarinta, kuma waɗanda suka fara ɗinka ta masu yin kayan doki ne.

Thierry Hermès, haifaffen garin Krefeld da ke Jamus ta yau, ya buɗe shagonsa a Paris a 1837. Sana'arsa ita ce ɗinka linzami da ragama da sauran kayan da ake ɗaura wa dawakan da ke jan keken manyan mutane. Aiki ne da ba ya karɓar ha'inci, domin idan ɗinki ya kwance doki na tsaka da gudu, rai ake magana. Ɗansa Charles-Émile ya mayar da shagon lamba 24 a titin Faubourg Saint-Honoré a 1880, ya ƙara da yin sirdi, kuma har gobe gidan yana nan a wurin.

Sai mota ta shigo. A watan Janairun 1913 bas ɗin ƙarshe da dawakai ke ja ya yi zagayensa na ban kwana a titunan Paris, masu sana'ar kayan doki da yawa kuwa suka bi shi. Jikan Thierry, Émile-Maurice Hermès, shi ne ya hango mafita. Dokin na tafiya, amma attajiran da ke hawansa suna nan da kuɗinsu, sun koma yawo a mota da jirgin ƙasa da jirgin ruwa, suna bukatar akwati da jaka da safar hannu da ɗamara. Ya ɗauki fatar nan da ɗinkin nan ya juya su ga jikin mutum. Shi ne kuma ya samo izinin amfani da zif a Faransa bayan ya gan shi a wata tafiya da ya yi zuwa Arewacin Amurka a lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya. A ganina juya sana'ar daga doki zuwa mutum shi ne mataki mafi muhimmanci a tarihin gidan, ya fi duk wata jaka da ta yi suna daga baya, don ba don shi ba da sana'ar ta mutu tare da kasuwarta.

Abin wuyan kare kuwa yana da nasa tsohon tarihin. A zamanin da Turawa ke farautar kyarkeci da aladen daji, maƙogwaro ne inda dabba ke fara kai wa kare cafka, saboda haka ake sa masa abin wuya na ƙarfe mai tsini. A fadar Leeds da ke yankin Kent a Ingila akwai ɗan gidan tarihi da aka keɓe wa irin waɗannan, wasu tun na ƙarni na 15. Da farauta ta ja baya, kare ya koma abokin zaman gida, tsinin ya dakushe ya zama ƙusar tagulla ta ado, ƙarfen ya koma fata, zoben ɗaura igiya ne kaɗai ya ci gaba da aikinsa. Masu ɗinka kayan doki su ne ke yin wannan aiki, domin mai doki shi ne mai kare.

A shekarun 1920 matan Paris suka fara kallon abin wuyan karnukansu da wani ido daban. A 1927 Hermès ya fitar da ɗamarar mata mai wannan tsari, kuma labarin da ya shahara a bakin dillalai yana danganta ta da Marie Callot Gerber, babbar yaya a gidan ɗinki na Callot Soeurs. Zamani ne da mata suka yi aski, suka jefar da matsattsun rigunan iyayensu, suka fara tuƙa mota, don haka ɗamara mai ƙusa ba ta yi musu nauyi ba. Faɗaɗɗiyar munduwa ma tana tashe: a shekarun 1930 Coco Chanel kan fito da guda biyu, ɗaya a kowane hannu, waɗanda Fulco di Verdura ya ƙera mata da duwatsu masu launi. Nata na ƙarfe ne, amma sun sa ido ya saba da ganin abu mai faɗi da nauyi a wuyan hannun mace. A shekarun 1940 aka rage tsawon ɗamarar Hermès ta zama munduwa, kuma tun daga lokacin siffarta ba ta canja sosai ba. Ƙusoshin ma suna da suna, Médor, sunan da Faransawa suka saba laƙaba wa kare. A 1993 gidan ya fitar da agogo mai wannan suna, inda aka ɓoye fuskar agogon a ƙarƙashin ƙusa, sai an ɗaga ta a ga lokaci.

Duk wanda ya taɓa zama kusa da baduku zai so ya ga yadda ake ɗinkin sirdi, wanda shi ne gadon gidan. Ana matse fatar a wani maƙalin itace da mai ɗinki ke riƙewa tsakanin gwiwoyinsa. Da farko a bi gefenta da ƙarfe mai haƙora a yi alamar inda kowace huda za ta kasance, a ɗan karkace. Zaren lilin ne guda ɗaya, an goga masa kakin zuma, da allura a kowane bakinsa. A huda rami, allurar dama ta shiga ta fita hagu, ta hagu ta shiga ramin nan ta fita dama, a ja su tare a tsuke. Haka za a yi ta yi, rami bayan rami. Amfanin wannan wahala shi ne, idan zare ya tsinke a wuri ɗaya, ɗayan yana riƙe, ɗinkin ba zai warware ba yadda na keken ɗinki ke yi. Bayan nan a kankare bakin fatar, a shafa rini, a goge, a sake shafawa, har ya yi sumul ba a ganin inda fata biyu suka haɗu. Shi ya sa gwanin saye ba ya fara duba ƙyallin ƙarfe. Gefen munduwar yake juyowa.

Fatar ma iri-iri ce. Akwai Box, fatar maraƙi mai sheƙi da ke ƙara kyau da tsufa. Akwai Barenia, wadda asalinta ta sirdi ce, mai shan man hannu tana yin duhu a hankali. Akwai kuma ta kada, mafi tsada. Ƙarfen kuwa ana yi masa ruwan zinariya ko na faladiyam mai launin azurfa.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne yadda ƙusar nan ta yi rayuwa biyu. A tsakiyar shekarun 1970, a lamba 430 titin King's Road na Landan, Vivienne Westwood da Malcolm McLaren suna sayar wa matasa 'yan tawayen kiɗan punk kayan fata da sarƙa, matasan kuma suna ɗaura abin wuyan kare na gaske don su firgita iyayensu. A ƙarshen shekarun mawaƙin Judas Priest, Rob Halford, ya mayar da baƙar fata mai ƙusa tufar masu kiɗansa. Abu ɗaya ne a hannun matar attajiri a Paris da hannun yaron da ba shi da aikin yi a Landan, ɗaya na nuna gata, ɗaya na nuna fushi. Manyan gidajen ado ba su bar wannan dama ta wuce su ba. Da Karl Lagerfeld ya karɓi ragamar Chanel a 1983, sarƙa mai saƙar fata da manyan tambura suka cika kayan gidan, kuma mundayen wancan zamani na cikin waɗanda ake nema yau.

Mu ma ba baƙi ba ne a wannan fage. Kambun da dukawa ke ɗinkawa a ɗaura a damtse ɗan uwan wannan munduwa ne ta fuskar aiki, ko da manufarsu ta bambanta. Jar fatar akuyar Sakkwato kuwa ta daɗe tana ratsa Sahara zuwa Turai, inda aka san ta da sunan fatar Maroko saboda ta can take bi, kuma har yanzu majemun Kano na tura fata Italiya da Sifaniya. Abin da ke ci mini rai shi ne yawancinta na fita ne ba a gama sarrafa ta ba, ribar ɗinki da suna ta zauna a can.

Mai son sayen tsohuwar Collier de Chien ya sani cewa jabu sun cika kasuwa. A bayan fatar akwai tambarin gidan da harafin da ke nuna shekarar da aka yi ta: daga 1945 zuwa 1970 harafi ne tsurarsa, daga 1971 zuwa 1996 yana cikin da'ira, daga 1997 zuwa 2014 yana cikin murabba'i. Tambari abu ne mai sauƙin kwaikwayo, don haka a haɗa da duba nauyin ƙarfen, daidaiton ɗinkin, da bakin fatar. Idan ta kada ce, kada a biya ko sisi sai an ga takardar CITES, yarjejeniyar cinikin namun dajin da ta fara aiki a 1975, domin in babu ita jami'an kwastan na iya ƙwace ta a filin jirgi.