Yadda Jinyar Kuturta Ta Kawo Mishan Ƙasar Katsina

Hidima ga marasa galihu ginshiƙi ce a koyarwar Kirista, domin Linjilar Yohanna, sura ta 13, ta kawo yadda Yesu Almasihu ya wanke ƙafafun almajiransa, aikin da bayi ke yi a wancan zamani, Linjilar Markus kuma ta nuna shi yana ɗora hannu a jikin kuturu. Da wannan aƙida Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham suka sauka Legas a 1893 da nufin isa ƙasar Hausa, amma biyun farko suka rasu a 1894, Bingham kaɗai ya rage ya ci gaba da ƙungiyar da aka sani da SIM.

Shekaru da dama Turawan mulki sun hana 'yan mishan zama a galibin masarautun Musulmi, saboda alkawarin da Gwamna Lugga ya yi wa sarakuna cewa ba za a taɓa addininsu ba. Kuturta ce ta sauya lamarin. A shekarun 1930, zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, aka danƙa wa SIM jinyar masu cutar a Babbar Ruga, kamar yadda aka yi a Yadakunya ta Kano da Amanawa ta Sakkwato, kuma asibitin Babbar Ruga ya zama matattarar majinyata na lardin Katsina duka. Maganin lokacin allurar man wata bishiyar Indiya ce, mai zafi da ƙarancin tasiri, saboda haka yawancin aikin wankin gyambo ne da ɗaurin miki da ciyar da mutanen da danginsu suka ƙaurace wa, har zuwa lokacin da ƙwayar dapson ta yaɗu a shekarun 1950.

Ba a ɓoye yake ba cewa mishan na da burin wa'azi, abin da ya sa malamai da masu sarauta suka riƙa sa ido, sai dai waɗanda suka karɓi addinin a lardin galibinsu Maguzawa ne, wato Hausawan da ba su musulunta ba, kuma da yawa daga zuriyarsu suna cikin ikilisiyar ECWA da aka kafa a 1954. Daga baya gwamnati ta karɓi asibitin, kuma a yau Babbar Ruga cibiya ce ta ƙasa ta aikin yoyon fitsari.