Wa Ya Ce Shekara Ta Fara a Watan Janairu?

A daren 31 ga Disamba ikilisiyoyi da yawa sukan taru su kwana suna sujada. Amma wani zai ce, "Ina amfanin wannan? Ai ba wata alama a sararin sama da ta nuna shekara ta ƙare." Gaskiyarsa. Duniya tana kewaya rana cikin kwana 365 da kusan awa 6, ba ta tsayawa a wani wuri ta ce nan ne mafari. Mutane ne suka zaɓi ranar.

A dā Romawa suna fara shekara a watan Maris. Shi ya sa sunan Satumba yake nufin na bakwai, Disamba kuwa na goma. Janairu ma sunan wani gunkinsu ne, Yanus, mai fuska biyu. Yuliyus Kaisar ya gyara kalandar a shekara ta 45 kafin haihuwar Yesu, amma shekararsa ta fi ta rana tsawo da kamar minti 11. Yau da gobe mintocin suka taru suka zama kwanaki, har lissafin bikin Ista ya kauce. Saboda haka a 1582 Paparoma Giregori na 13 ya cire kwana 10. Mutanen Roma suka kwanta ran 4 ga Oktoba, suka tashi ran 15. Ingila ba ta bi ba sai 1752, kafin nan kuwa sabuwar shekararta 25 ga Maris ce. Har yau Kiristocin Habasha suna shiga tasu a watan Satumba.

To, ranar da hannun mutum ya iya matsar da ita, tana da ma'ana kuwa? Ku ji abin da ya faru a Amurka. A daren 31 ga Disamba 1862, baƙaƙen fata, bayi da 'yantattu, suka taru a majami'u da gidaje suna addu'a. Shugaba Abraham Linkon ya riga ya sanar cewa ran 1 ga Janairu 1863 zai ayyana 'yancin bayin da ke jihohin da suka yi tawaye. Taurari ba su sāke ba a daren nan. Amma ga uwar da aka sayar da 'ya'yanta, wannan dare ba kamar sauran ba ne. Jikokinsu suna kiyaye shi har wa yau.

Ashe ma'anar rana tana fitowa ne daga abin da aka tuna da alkawarin da aka ɗauka a cikinta. Lambar kalanda ba ta kawo sa'a, ba ta kawo tsiya, kada kowa ya tsorata ku da ita. Amma idan ka shiga sujadar daren nan kana riƙe da ɗan'uwanka a zuci, ka fita haka, to, takarda kawai ka juya. Ka je ku shirya kafin ƙararrawa ta buga. Ubangiji ya ba mu ikon yin haka. Amin.