Damina da Hanya: Tarihin Gyaran Hanyoyi a Ƙasar Ikara, Maƙarfi da Kudan

Gyaran hanya na shekara-shekara shi ne aikin da yanayi ke tilasta wa mutane su yi wa hanyarsu: yashe lambatu, buɗe bakin kwalbati, cike ramuka, sare ciyawar gefe, da ɗaga doron hanya yadda ruwa zai zurare maimakon ya kwanta. A ƙananan hukumomin Ikara, Maƙarfi da Kudan, waɗanda duk suke cikin masarautar Zazzau a arewacin Jihar Kaduna, damina ce ke tsara wannan aiki. Ruwan da ke sauka a yankin Zariya yakan kai kimanin milimita 1,000 a shekara, daga Mayu zuwa farkon Oktoba, kuma a watan Agusta, lokacin marka, ya fi ƙarfi. Hunturu kan kawo hazo har direba ya kunna fitila da rana, amma hazo ba ya cin hanya. Ruwa ne ke cin ta.

Zamanin fatake

Kafin zuwan Turawa babu abin hawa mai ƙafar taya a wannan ƙasa. Tsohuwar hanyar fatake tsakanin Zariya da Kano, wadda ta bi ta Likoro a ƙasar Kudan ta yau ta nufi Bebeji, hanya ce ta jakuna da takarkarai da 'yan alaro. Irin wannan hanya ba ta neman kwalbati ko gada. Abin da take nema shi ne a sare ƙaya, a san mashigin kowane rafi, a kuma san lokacin da ba a ƙetare shi. Shi ya sa fatauci ya zama sana'ar rani. Madugu yakan tayar da ayari bayan kaka, ya yi ƙoƙarin dawowa kafin fadamu su cika. Baturen nan matafiyi, Hugh Clapperton, da ya bi ta Zariya ya isa Kano a watan Yulin 1826, a tsakiyar ruwa ya yi tafiyar, lokacin da manoma ke gona kuma hanya ta fi wuyar bi.

Hanyoyin cikin gida kuwa, na zuwa kasuwa da rijiya da gonaki, da aikin gayya ake gyara su. Mai unguwa ya sa a yi shela, samari su fito da fartanya da gatari da adda, makaɗa na zuga su, mata su kawo kunu ko fura. Ba a biyan kowa, amma kowa ya san hanyar da ya gyara ita zai bi ya kai hatsinsa kasuwa.

Turawa, diga da auduga

Sojojin Ingila sun kafa sansani a Zariya a 1902, daga nan kuma rundunarsu ta tashi a ƙarshen Janairun 1903 ta ci Kano a farkon Fabrairu. Su ma rani suka jira. Gwamnatin Turawa ta Gwamna Lugga ta sa an share hanyar keken shanu daga Zungeru zuwa Zariya, sai dai damina kan mayar da ita caɓi. Wannan na cikin dalilan da suka sa aka koma ga jirgin ƙasa. Layin dogo ya isa Kano a 1911, ya ratsa wannan yanki da tashoshi a Likoro da Gimi. Da ƙarfin talakawa aka shimfiɗa shi, ta hanyar hakimai da dagatai da ake yanka wa adadin mutanen da za su kawo. Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi, wanda ya yi sarauta daga 1903 zuwa 1920, ya yi Waƙar Diga a kan wannan aiki.

Jirgi bai kashe bukatar hanya ba, ƙara ta ya yi. An kafa injin gurzar auduga a Zariya a shekarun farko na zuwan jirgin, kuma dole auduga da gyaɗa su fito daga ƙauye su isa fuloti ko tasha. Daga nan aka raba hanyoyi gida biyu: waɗanda mota ke bi duk shekara, da na rani kawai. Su na rani, da zarar ruwa ya ɗauke a watan Oktoba sai umarni ya sauko daga Di'o zuwa hakimi, daga hakimi zuwa dagaci, a fito a share hanya kafin a buɗe cinikin auduga ko kafin rangadi. A ido aikin ya yi kama da gayya, amma ba gayya ba ne. Lokacin girbi ne ake raba mutum da gonarsa, mai hali ya fanshi kansa, marar gata ya ɗauki fartanya. Bai kamata mai kewar tsabtar hanyoyin wancan zamani ya manta da wannan ba. Yarjejeniyar duniya ta hana aikin tilas ta 1930, da dokar da Nijeriya ta yi a 1933, sun rage abin, ko da yake sun bar ƙofa ga ƙananan ayyukan gari, kuma ta wannan ƙofa aka ci gaba da shiga. Har shekarun 1950 aikin tilas na cikin abubuwan da jam'iyyar NEPU ke yaƙa.

Leburorin hanya

Abin da ya fi dacewa a tsaya a kansa a tarihin nan shi ne tsarin leburorin hanya masu albashi, na ma'aikatar ayyuka ta gwamnati a kan manyan hanyoyi, da na En'e a kan ƙanana. Ana yanka wa ƙungiyar lebura wasu milamilai, su ne nasu rani da damina, da hedima a kansu. Kayan aikinsu diga, shebur, adda da kwanon sarki. Da rani sukan haƙo marmara daga ramin da ke kusa, su jera ta tsibi-tsibi a gefen hanya. Da bazara, tun hadari bai fara haɗuwa sosai ba, sukan bi lambatu su kwashe yashin da iska da ruwan bara suka tara, su shiga cikin kwalbati da gajeren shebur su fito da laka da kara, su yanka ƙananan magudanai da ke karkatar da ruwa daga lambatu zuwa daji. In an yi ruwa da dare, da safe lebura na kan hanya yana duba inda ya kwanta. Ramin da bai wuce faɗin faifai ba, kwano biyu na marmara da 'yar daɓe sun ishe shi. A wasu hanyoyin burji har shinge akan sa bayan ruwa mai yawa, a tsayar da manyan motoci sai ƙasa ta tsane.

Hikimar tsarin ba ta da zurfin da za ta gagari kowa. Marmara busasshiya tana ɗaukar nauyi, jiƙaƙƙiya kuwa narkewa take yi a ƙarƙashin taya. Duk aikin leburan hanya bai wuce raba ruwa da hanya ba, kuma aikin yana da mai shi, wanda aka san sunansa da ƙauyensu.

Daga lebura zuwa kwangila

Sauye-sauyen mulki sun taɓa wannan tsari. Gyaran tsarin ƙananan hukumomi na 1976 ya kawo ƙarshen En'e, Ikara ta zama ƙaramar hukuma, daga baya a shekarun 1990 aka fitar da Maƙarfi, sannan Kudan mai hedikwata a Hunkuyi. Kuɗin man fetur ya kawo kwalta da gireda da katafila, aka fara ganin leburan hanya kamar abin da zamani ya wuce. Da tattalin arziki ya karye a shekarun 1980, gireda ta lalace babu kayan gyara, leburan kuma an riga an sallame shi ko ya tsufa ba a maye gurbinsa ba.

Tun daga nan gwamnatoci ke ta ƙirƙiro hukumomi. Gwamnatin Babangida ta kafa hukumar raya karkara ta DFRRI a 1986, ta buɗe hanyoyin karkara da yawa, akasarinsu na ƙasa, waɗanda damina kaɗan ta ishe su in babu mai kula. Asusun rarar kuɗin man fetur na PTF da aka kafa a 1994 ya gyara manyan hanyoyi. An kafa hukumar FERMA a 2002 don gyaran hanyoyin tarayya, irin babban titin Zariya zuwa Kano da ya bi ta Tashar Yari. A zamanin gwamna Ahmed Muhammad Maƙarfi, daga 1999 zuwa 2007, garuruwa da dama na jihar sun sami kwalta. A 2008 Bankin Duniya ya amince da shirin hanyoyin karkara na RAMP, wanda aka fara a Jihar Kaduna, inda aka gwada biyan ɗan kwangila bisa lafiyar hanya na tsawon shekaru, ba bisa gina ta kawai ba. Wannan dabara ta fi sauran kusa da tsohon tsarin lebura, domin ta ɗora wa wani alhakin hanyar bayan an gama bikin buɗe ta.

Asarar da rashin kula ke jawowa an daɗe da lissafa ta. Wani rahoton Bankin Duniya na 1988 ya nuna cewa ƙasashe masu tasowa 85 sun yi asarar hanyoyi na kimanin dala biliyan 45, alhali gyaran da bai wuce na dala biliyan 12 ba da ya hana hakan. Gwajin da aka yi a Amurka daga 1958 zuwa 1960 kuma ya nuna cewa in aka ninka nauyin da ke kan ƙafar mota sau 2, ɓarnar da take yi wa hanya takan ninku kusan sau 16. Mai son ganin ma'anar wannan ya tsaya bakin kasuwar Maƙarfi ranar Laraba, ya dubi motocin rake da buhunan hatsi, ko ya bi motocin kwandunan tumatir da ke fitowa daga fadamun Hunkuyi da Ikara.

Yadda ƙasashen sanyi ke yi

A Turai da Arewacin Amurka, dusar ƙanƙara ce ke yin abin da marka ke yi a nan. Da can yashi da toka ake watsawa don rage santsi. A ƙarshen shekarun 1930 jihar New Hampshire ta fara gwada gishiri, saboda ruwan gishiri ba ya daskarewa da wuri kamar ruwa zalla, kuma yanzu Amurka na zuba tan miliyoyi a kowane hunturu. Abin lura a wurinsu shi ne lokaci da alhaki. Tun da sauran zafi ake tara gishiri a rumbuna, ana jera hanyoyi bisa muhimmanci, ta asibiti da ta motocin haya a gaba, kuma motar watsa gishiri kan fita da dare kafin hanya ta daskare, bisa hasashen masana yanayi. A Ingila, gyaran da aka yi wa dokar hanyoyi a 2003 ya wajabta wa hukuma ta yi iya ƙoƙarinta kada ƙanƙara ta jefa masu bin hanya cikin haɗari. Tsarin yana da illarsa, don gishiri na cin ƙarfen mota da gada, yana kuma gurɓata rafuka. Amma babu wanda ke jiran hanya ta toshe kafin ya tambayi wane ne mai ita.

Halin da ake ciki

A yau, a hanyoyin ƙauyukan wannan yanki, gayya ce ta dawo ta cike gurbin. Ƙungiyoyin ci gaban gari da direbobi da 'yan acaɓa kan yi karo-karo su sayi tifar marmara. Matasa kan tsaya da shebur suna cike rami, direba ya miƙo abin da ya sawwaƙa. In akori-kura ta kafe a watan Agusta, sai a sauke kaya, yaran mota su tono taya, a cusa duwatsu da rassan itace, jama'a su sa kafaɗa. Wannan ƙoƙari abin yabo ne, sai dai kusan kullum bayan ɓarna yake zuwa, kuma ƙasar da aka zuba cikin ramin da ke cike da ruwa ba ta kwana uku. Mu ma da namu laifin: manomi kan ja kunyarsa har cikin lambatu don ƙarin taku biyu na gona, leda da shara kuma su toshe kwalbatocin cikin gari. Wanda ke biyan kuɗin wannan sakaci shi ne manomin da takinsa ya makara, da mai naƙudar da aka ɗauko a babur da tsakar dare.

Kundin tsarin mulkin 1999 ya sa ginawa da kula da hanyoyin gari da magudanan ruwa cikin ayyukan ƙananan hukumomi, kuma a watan Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa ba su kuɗinsu kai tsaye. Ikara, Maƙarfi da Kudan na da matasa masu neman aiki, suna da marmara a ƙasarsu, sun kuma san watan da ruwa ke zuwa. Ya kamata kowace ta ɗauki leburorin hanya na dindindin, ta yanka wa kowace ƙungiya kilomitocinta, ta tabbatar an yashe kowane lambatu da kwalbati kafin ƙarshen watan Afrilu.