Daga Rikicin Fili Zuwa Tarihin AutoCAD Da Masu Ƙera Masa Ƙari



Yau zan kawo mana tarihin wani abu da da yawanmu ba mu taɓa jin sunansa ba, alhali takardun filayenmu da zanen shagunanmu ta cikinsa suke bi kafin su iso hannunmu. Tun farko in faɗa wa mai karatu, ni ba injiniya ba ne. Karatuna bai wuce sakandare ba, kuma a tsakanin buhunan citta na tashi a shagon mahaifina. Rikicin fili ne ya sa na shiga bin diddigin wannan magana.

Yadda abin ya faro

A daminar 2022 Baba ya ɗauko tsohuwar takardar safiyo ta gidanmu, wadda aka yi tun shekarun 1990, yana son sabunta shaidar mallaka. Ƙanena, da yake yaran yanzu komai waya, sai ya bi kusurwoyin gidan huɗu da wayarsa yana ɗaukar lambobi, ya zo ya gwada su da na jikin takarda. Lambobi suka ƙi haɗuwa. A lissafinsa, filin da ke cikin takardarmu ya goce da inda gidan yake da fiye da mita ɗari, ya faɗa cikin gonar maƙwabcinmu, wani dattijo ɗan asalin yankin, tsohon ma'aikacin reluwe, wanda suka fi shekara talatin suna gaisawa da Baba.

Yaro ya yi suɓutar baki a majalisa. Kafin kwana biyu labari ya koma cewa Alhaji yana da'awar gonar dattijo. Duk wanda ya san abin da garin nan ya gani a Maris 1987 da Afrilu 2011, lokacin da kasuwarmu ta ƙone, ya san maganar ƙasa ba abin wasa ba ce a nan.

Dattijon da kansa ya yi sallama bayan la'asar. Ya ce, "Alhaji, kada mu bar wa yara wannan magana. Tashi mu je wurin masu awo."

Baba ya ce, "Baba, ai ka riga ni ne. Wallahi ni ban ce komai ba."

A ofishin safiyo muka tarar da wani matashi a gaban kwamfuta. Ya karɓi takarda, ya shigar da lambobin, ya buga wata gajeriyar kalma, sai ga fulotinmu ya zanu da kansa, kowane layi da tsawonsa da inda ya fuskanta, har da faɗin filin gaba ɗaya. Ya sake buga wata kalmar, ya juya lambobin wayar ƙanena, sai suka zo suka zauna kusan a kan na takarda. Ya ce, "Alhaji, filinka bai motsa ba. Takardarka da ma'aunin Minna aka yi ta, waya kuwa da ma'aunin duniya na tauraron ɗan'adam take aiki, wanda ake kira WGS 84. Mudu biyu ne daban." Washegari ogansa ya zo da na'urar awo, aka tona, aka sami turakun siminti daidai gindin katanga. Magana ta mutu.

Na tambayi matashin ko haka manhajar take zuwa daga kamfani. Ya yi dariya ya ce a'a, manhajar dai AutoCAD ce, amma waɗannan kalmomi biyu ƙari ne. Ogansa ya samo su a filas daga wani abokin karatunsa, shi kuma ya gyara su suka dace da yadda ake rubuta takardar awo a nan. Wanda ya fara rubuta su, babu wanda ya san shi a ofishin. Mutumin da ba mu sani ba ya raba mu da fitina.

Asalin AutoCAD

Kafin 1982, zane da kwamfuta sai manyan kamfanonin jirage da motoci da hukumomi. Kamfanoni irin su Computervision da Intergraph suna sayar da na'ura da manhaja a haɗe, kuɗinsu ya kan haura dala dubu ɗari. Ƙaramin mai zanen gida kuwa sai allo da rula da fensir, kamar yadda aka zana layin dogon da ya ratsa garinmu.

A farkon 1982 wani Ba'amurke mai suna John Walker da wasu abokansa masu rubuta manhaja suka kafa kamfanin Autodesk a jihar Kalifoniya. Cikin kayan da suka fara da su akwai wata manhajar zane da ta samo asali daga aikin Mike Riddle mai suna Interact. A ƙarshen wannan shekara suka baje ta a kasuwar baje kolin kwamfuta ta COMDEX a birnin Las Vegas da sunan AutoCAD, a kan dala 1,000, kuma tana aiki a ƙaramar kwamfutar tebur.

Sai dai manhajar layi da da'ira kawai ta sani. Ba ta san ƙofa ba, ba ta san kwalbati ba, balle turken safiyo. Kamfanin kuma ba shi da ma'aikatan da za su san sirrin kowace sana'a. Dabarar da suka yi ita ce barin ƙofa a buɗe. Tun farko sun bayyana tsarin fayil da ake kira DXF domin wasu manhajoji su iya karanta zanen, suka kuma bari mai amfani ya tsara jerin umarninsa da kansa.

A Janairun 1986 suka yi abin da ya fi duka, suka saka wani yaren kwamfuta a cikin manhajar mai suna AutoLISP. An gina shi a kan XLISP, wanda wani mutum mai suna David Betz ya rubuta ya sake wa jama'a, shi kuma jikan yaren LISP ne da John McCarthy ya ƙirƙiro a 1958. Yaren yana da sauƙi. In kana son tara biyu da uku sai ka rubuta (+ 2 3), ya ba ka 5. Da irin waɗannan layuka, mai zane zai haɗa aikin da yake maimaitawa sau hamsin a rana, ya raɗa masa suna, ya adana a ɗan fayil mai ƙarewa da .lsp, daga nan ya zama sabon umarni kamar wanda kamfani ya yi. Irinsa ne na gani a ofishin safiyo.

Kasuwa ta ci a bakin tasha

A nan ne na tuna tarihin garinmu. Turawa sun shimfiɗa dogo daga Fatakwal ya biyo ta Inugu da Makurɗi, a wajajen 1927 Kafanchan ta zama mahaɗa, hannu ɗaya ya nufi Kaduna, ɗaya ya hau Jos wajen ma'adinan kuza. Dogo da tasha kawai Bature ya yi. Kakanninmu da suka zo daga Kano, Zariya da Katsina, da Ibo da Yarbawa da mutanen ƙasar irin su Fantswam, Bajju da Kagoro, su suka kawo goro, tuwo, ɗinki, fawa da masauki, har wurin ya zama gari. A 1933 fadar Sarkin Jama'a ma ta dawo nan.

Haka ta faru da AutoCAD. Masu awon ƙasa, masu zanen famfo da wayar lantarki, masu ƙera injuna, kowa ya rubuta ƙarin da ya dace da sana'arsa. Wasu suka riƙa rabawa kyauta a faifan filofi da shafukan mujallu, wasu suka mai da shi kasuwanci. Bruce Carlson ya kafa Carlson Software a 1983 a jihar Kentaki, manhajarsa ta masu awo ta shahara a kan AutoCAD. Wani kamfanin injiniyoyi a ƙaramin garin Henniker na jihar New Hampshire, wanda ya fara da sunan DCA ya koma Softdesk, ya zama babba a cikin masu yin ƙari na hanyoyi da filaye da gine-gine. Autodesk ya ƙara faɗaɗa ƙofar a 1990 da tsarin ADS mai amfani da yaren C, daga baya ya kawo ARX.

Masu amfani ma suka haɗa kai. A 1990 aka kafa ƙungiyarsu ta Arewacin Amurka, wadda daga baya ta zama ta duniya da sunan AUGI. Cikin ayyukanta akwai tattara buƙatun mambobi, a jefa ƙuri'a, a miƙa wa kamfani jerin abin da aka fi so a gyara. A 1993 aka fara babban taron shekara-shekara na Autodesk University a San Francisco. In ka duba, ba shi da bambanci da ƙungiyar 'yan citta in ta zauna da manyan masu saye, murya ɗaya ta fi ɗari a warwatse.

Mai rumfa a filin wani

Amma wanda ya kafa rumfa a filin wani, ya kwana da shirin tashi. A 1993 kamfanin ya fitar da AutoCAD LT mai rahusa, ya cire masa AutoLISP, domin mai son ƙari ya sayi mai tsada. Sai a 2023, bayan shekara 30, aka saka masa yaren. A 1997 kuma Autodesk ya saye Softdesk a kan kimanin dala miliyan 90, kayansa suka koma na kamfani, ƙananan masu yin irin wannan ƙari suka wayi gari suna gasa da mai gidan da suke haya.

Akwai wata manhaja mai suna IntelliCAD da aka fara ginawa a ƙarƙashin Softdesk, mai iya buɗe zanen AutoCAD. Hukumar kula da gasar kasuwanci ta Amurka ta shiga maganar, ta hana Autodesk mallakarta. Kamfanin Visio ya fitar da ita a 1998, a shekarar ne kuma wasu kamfanoni suka kafa ƙawancen OpenDWG domin gano yadda fayil ɗin DWG yake a ciki, kada zanen mutum ya zama fursuna a hannun kamfani ɗaya. Daga 2016 Autodesk ya daina sayar da manhajar sayarwa ta har abada, ya koma haya, ka biya duk wata ko duk shekara, in ka daina biya ta rufe. Ga mai samun kuɗinsa da naira, mai karatu ya san abin da wannan ke nufi, ya kuma san dalilin da ya sa kwafin bayan fage ya cika shagunan kwamfuta, da duk haɗarin ƙwayar cuta da ɓacewar aiki da ke tattare da shi.

Mu mun san wannan darasi. Da jirgi ya daina zuwa yadda ya saba, waɗanda abincinsu ke bakin tasha kaɗai su suka fi shan wuya. Waɗanda suka tsira su ne masu sana'a a hannu, suka ɗauke ta suka koma bakin titin mota. Haka masu yin ƙari. Yau akwai manhajoji irin su BricsCAD da ZWCAD da ke karɓar yawancin fayilolin LISP, akwai kuma na kyauta irin su QGIS na taswira da FreeCAD, waɗanda ake rubuta musu ƙari da yaren Python. Wanda ya iya rubutawa, duk inda kasuwa ta koma zai bi ta.

Ina muka tsaya?

Tun Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, filin birni a hannun gwamna yake, takarda ce hujjar mai shi. Da gwamnatin Malam Nasiru El-Rufa'i ta kafa hukumar KADGIS, lissafin filayen jihar ya koma kwamfuta. Mu da har gobe ake kira baƙi ko da kakan mutum a nan aka binne shi, mun fi kowa buƙatar takarda mai kyau da fahimtar abin da ke cikinta. Ga Jami'ar Jihar Kaduna, wadda aka kafa a 2004, tana da reshe a nan Kafanchan inda ake koyar da zanen gine-gine. Ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna da Jami'ar Ahmadu Bello Zariya suna koyar da awon ƙasa. Yaranmu nawa ne a waɗannan azuzuwa?

Shawarata uku ce. Ta farko, kowa ya ciro takardar filinsa ya duba da wane ma'auni aka yi ta, kuma kada wanda ya ɗauki lambar waya ya tafi da ita majalisa. Waya ko a ma'auni ɗaya takan yi kuskuren mitoci, awo na safiyo mai rajista ne. Ta biyu, iyayenmu 'yan kasuwa su yarda cewa yaron da aka kai koyon zane da kwamfuta bai bar sana'a ba, wata rumfar ya buɗe. Ta uku, waɗanda suka riga suka iya, namu da na maƙwabtanmu, su riƙa zama ko sau ɗaya a wata suna musayar abin da suka rubuta, kowane fayil a sa masa sunan mai shi da bayanin aikinsa, ko da Hausa ne, don na baya ya san wanda zai tambaya.

Ni dai tun daga lokacin nakan je wurin matashin nan ranar Lahadi in kasuwa ta yi sanyi. Abin da na fara rubutawa da hannuna layi tara ne, yana zana rumfa mai ƙafa goma sha biyu a kan goma, ya jera ta sau nawa kake so, ya bar hanya a tsakani. Da na nuna wa Baba, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "To, hanyar ta yi ƙunci, mai baro ɗauke da buhu biyu ba zai wuce ba." Na koma na ƙara mata ƙafa biyu.

Allah ya zaunar da garinmu lafiya, ya jiƙan magabatanmu. Wanda ya ga gyara a cikin abin da na kawo, ƙofa a buɗe take. Wassalam.