Hanji da garkuwar jiki: abin da ya kamata a sani kafin a sha maganin wankin ciki

A tashar mota ta Maraɗi ko a kasuwar Dole ta Damagaram, da wuya ka wuni ba ka ji mai lasifika yana tallar maganin “wankin ciki” ba. A cewarsa dattin ciki ne tushen kowace cuta. Akwai ƙamshin gaskiya a zancen, domin lafiyar hanji tana taɓa lafiyar jiki duka. Sai dai hanji ba randa ba ne da za a ɗauraye.

Ƙaramin hanji na babban mutum ya kai kusan mita 6, kuma nan ne jiki ke tsotse amfanin abinci. Abin da ya rage ya wuce babban hanji, mai tsawon kusan mita ɗaya da rabi, inda ake janye ruwa a haɗa bayan gida. A nan ƙwayoyin bakteriya ke zaune, yawansu ya yi kusan daidai da yawan ƙwayoyin halittar jikin mutum kansa. Mafi yawansu ba masu cuta ba ne. Suna cin harzar abinci, wato ɓangaren hatsi, wake da ganye da cikinmu ba ya iya narkarwa, su mayar da ita wani irin mai da ake kira butirat, wanda fatar cikin babban hanji ke rayuwa da shi.

Fatar nan siririya ce ƙwarai, layi ɗaya tak na ƙwayoyin halitta, da majina a samanta. A bayanta kuma kaso mai yawa na sojojin garkuwar jiki suke jibge. Kullum suna tace abin da ya ratsa, su bar abinci da bakteriya masu amfani, su tare masu cuta. Suna kuma zuba wani makami mai suna IgA cikin hanji, irin wanda jariri ke samu a nonon uwa. Saboda haka ne ake ɗiga wasu rigakafi a baki, kamar na shan inna da na rotabirus, ƙwayar da ke kawo zawo mai tsanani ga yara. A gundumar Madarunfa ne ma aka gwada wani rigakafin rotabirus mai jure zafi, kuma sakamakon da ya fito a 2017 ya nuna ya rage zawo mai tsanani da kusan kashi biyu cikin uku.

Batun abinci kuwa, bincike ya wanke tuwon kakanninmu. A 2010 masana daga Italiya sun kwatanta yaran ƙauyen Bulpon na Burkina Faso, masu cin gero, dawa da wake, da yaran birnin Fulorans. Yaran ƙauyen sun fi yawan ire-iren bakteriya masu narkar da harza, sun kuma fi samun man nan mai ciyar da hanji. A 2015 wasu masana sun sa baƙaƙen fatar Amurka da mutanen karkarar Afirka ta Kudu suka yi musayar abinci na mako biyu kacal. Alamun kumburin hanji sun ragu a wajen Amurkawan, suka ƙaru a wajen waɗanda suka koma cin nama da maiƙo.

Mu mazauna gari muna bin hanyar da ba ta dace ba: burodi da shayi da safe, farar shinkafa da rana, taliya da dare. Hukumar Lafiya ta Duniya tana son babba ya samu aƙalla giram 25 na harza a rana. Dambun zogale, wake, miyar kuka, kuɓewa, goruba da tuwon hatsin da ba a surfe shi fiye da kima ba duk suna cike wannan giɓi, kuma ba su fi taliya tsada ba. Hura da nono ma tana da kyau, muddin an dama ta da ruwa mai tsabta. A 2015 cibiyar binciken kansa ta hukumar ta sa naman da aka sarrafa da gishiri ko hayaƙi cikin abubuwan da ke jawo kansar babban hanji. Masoya kilishi kada su firgita, magana ce ta yawan ci kullum.

Abin da ya fi ɓarna shi ne antibiyotik na kan tebur. Kowace ƙwaya tana kashe masu amfani tare da masu cuta, kuma yawancin zawon yara ba ya bukatarta. Maganin yana da ranarsa: a jihar Doso, binciken MORDOR da ya fito a 2018 ya nuna raba azitromisin ga ƙananan yara ya rage mace-macensu da kusan kashi 18 cikin 100. Amma an kuma ga ƙwayoyin hanjinsu sun fara gagarar maganin. Wannan lissafi aikin lokotoro ne, ba na mai tebur ba.

Filasko da sauran masu sa gudawa ba sa wanke komai. Suna tilasta wa hanji motsi, su fitar da ruwa da gishirin jiki, abin da ke da hatsari ga tsoho, mai ciki da mai ciwon ƙoda. Mai fama da taurin bayan gida ya fara da ruwa, ganye da tafiyar ƙasa. Yaro mai zawo kuma a ba shi ruwan SRO da zinki na kwana 10 zuwa 14, a ci gaba da ba shi nono da abinci.

Saura basir, sunan da muke laƙaba wa kowane ciwon ƙasan ciki. Jini a bayan gida yakan zama basir ɗin ne, amma yakan zama atini, ko kansar hanji, wadda ake iya warkarwa idan an gano ta da wuri. Wanda ya ga jini ko baƙin bayan gida kamar kwalta, ko rama ba dalili, ko yanayin bayan gidansa ya sauya na tsawon makonni, musamman in ya haura shekara 45 ko an taɓa yin ciwon a danginsa, ya je CSI mafi kusa ya nemi takardar turawa babban asibiti, inda ake duba cikin hanji da na’ura.